Harsasan Watan Oktoba

Rafin Kettle, Montana
11 ga Janairu, 1981

Zuwa ga Babana, Orval Stensrud,

Gaisuwa mai yawa da fatan jiki yana ta sauƙi. Yaya ƙugun, yaya wuyan hannun? Allah ya ƙara afuwa. Ka gaishe min da abokin ɗakinka Mista Pruitt, ka ce na gode da yake riƙe maka alƙalami, ya kuma ƙara haƙuri da bakinka.

Mu nan sai sanyi. Kullum da safe sai na sa gatari na fasa ƙanƙarar komin ruwa kafin tumaki su sha. Duk suna nan lafiya, su ɗari huɗu da goma. Tarin ciyawar da ka faɗo daga kansa kuwa sun rama maka, sun cinye rabinsa.

Ranar da na zo duba ka na tsaya da likitanka a bakin ƙofa. Ya ce in ƙashin ya haɗu, kuma ka nuna za ka iya kula da kanka, wato hawa bene, kunna murhu da shan magani ba sai an tsaya a kanka ba, zai sallame ka a watan Mayu. Ya san ni kaɗai ce, a daji nake wuni, Hollis da ya fi kowa kusa da mu kuma mil goma sha huɗu ne. In hakan bai samu ba, ya ce zaman gidan jinyar ya fi maka. Saboda haka ka ci abinci, ka daina yi wa masu jinya faɗa.

Ga dalilin takardar. Diloli sun yi yawa bana, gashinsu kuma ya yi kyau yadda mai sayen fata yake so. Ɗakin da kake ɗura harsashi a kulle yake, makullin yana aljihunka. Amma na tsinci akwati ɗaya a ƙarƙashin kujerar mota, harsashi hamsin, da rubutunka a jiki: Oktoba 1980, dalma mai nauyin ƙwaya arba'in, albarushi ƙwaya talatin da takwas. Rubutun ya hau kan layi ya sauko kamar ka ɗan kurɓa kafin ka rubuta.

Na san dokarka tun ina 'yar shekara tara: ba a harba ɗurin wani, ko da fasto ne ya ɗura. Amma kai ba wani ba ne. In ɗauka?

Ga tabaranka nan na haɗo, a kan taga ka bar shi. Da ka yarda an ja mana waya lokacin da aka ja wa Hollis, da duk wannan a baki za mu gama shi.

Ka huta lafiya. Ni ce 'yarka,
Dagny


Gidan jinya, Miles City
18 ga Janairu, 1981

Zuwa ga 'yata Dagny,

Na amsa gaisuwarki, ina kuma gaishe ki da aiki da sanyi. Ƙugu da sauƙi. Abincin nan dai ko kare na ba wa sai ya kai ni ƙara.

Waya kuma, ji ki da wani zance. Abin da za a haɗa mu layi ɗaya, matar Hollis ta riƙa sauraron hirarmu tana kwaɓa fulawa?

Ki ɗauki akwatin. Shekara arba'in da ɗaya ina ɗuri, ban taɓa sa mudun awo na zuba albarushi a gurguje ba, kowane kwanso sai na auna nasa a ma'auni har allura ta tsaya cak. Wanda ya fi wannan ɗurin ba a yi shi ba a gundumar nan.

Ki saurara, don na san kin manta. Dalma mai ƙwaya arba'in ba ta da nauyi, gudu ne ƙarfinta. Ta shiga bayan kafaɗa ta hudar da ko fensir ba zai wuce ba, ta tarwatse a ciki, ba ta fita ta ɗaya gefen. Dila ya zauna nan take, fata kuma ta fito lafiya lau. Hollis da yake sayen na kanti mai hamsin da biyar, nasa yana fita ya bar rami kamar dunƙulen hannu, matarsa ta wuni tana ɗinki, mai saye ya juya fatar ya ga zare ya yi musu dariya. Amma mara nauyi tana da sharaɗi biyu. Kada ki harba a ƙashin kafaɗa, kuma kada ki wuce yadi ɗari biyu da hamsin in da iska, don iska na wasa da ita yadda ta ga dama. Abin da kika raunata kuma ki bi shi, ko zai kai ki Kanada.

Likita ya shirya takardarsa. Ranar ɗaya ga Mayu ina gida.

Allah ya tsare. Mahaifinki,
Orval Stensrud

Ƙarin bayani daga mai rubutu: Malama Dagny, ina gaishe ki da girmamawa. Sunana Wendell Pruitt, shekara talatin na yi ina akawu a tashar jirgin ƙasa, don haka rubutu ba ya ba ni wahala. Na cire kalmomi huɗu daga bayanin abincin, saboda ba su dace a aika wa mace ba. Tabarau ya iso. Har yanzu dai ni nake karanta masa takardunki, ya ce hasken ɗakin ne ba shi da kyau.


Rafin Kettle
9 ga Fabrairu, 1981

Baba,

Ina gaisuwa, da fatan kun tashi lafiya kai da Mista Pruitt.

Ban san yadda zan faɗa maka ba, sai dai in faɗa. Na zama abin kunya. Harbi goma sha ɗaya, dila huɗu. Ni da na taɓa kayar da bakwai a jere kana tsaye a bayana kana cewa sa'a ce. Wani harbin ya bugi ƙasa a gaban ƙafafunsu, wani ya bi ta saman baya, alhali ban canza komai ba. Na duba madubin bindigar, bai motsa ba. Na wanke bututun. Na ma daina shan kofi da safe ko hannuna ne yake rawa.

Wannan duk mai sauƙi ne. Ranar Alhamis da hantsi na busa abin kiran diloli a gindin dutsen nan mai kama da sirdi, sai ga wata babbar dila mace, fara-fara, ta tsaya a yadi ɗari da tamanin ta ba ni gefe. Babu iska ko ta kaɗa gashin ido. Na auna bayan kafaɗa na danna. Ƙarar ta fi ta kullum, gindin bindigar ya doke ni a kafaɗa, na ga gashi ya tashi kamar an fasa matashin kai. Ta faɗi, ta tashi, ta gudu da ƙafa uku.

Na bi ta, Baba, kada ka tambaya. Mil huɗu cikin dusar ƙanƙara, har jinin ya ƙafe, sawun ya shiga duwatsu. Abin da na gani a inda ta faɗi gashi ne da ɗan nama, ba jinin huhu ba. Dalmar ta fashe a saman fata ba ta shiga ba. Na dawo gida raina a ɓace, har yanzu kuma ina tuna yadda take jan ƙafar.

Ina ganin mara nauyin nan ta fi ƙarfin hannuna. Ka aiko makullin ɗakin in ɗura mai hamsin da biyar da kaina, ai ka koya min. Gara fata ta yage da in bar dabba tana yawo haka.

Ku huta lafiya. 'Yarki mai kunya, au, 'yarka. Ka ga ko rubutun ma ya fara kuskure.
Dagny


Miles City
16 ga Fabrairu, 1981

Dagny,

Ina gaishe ki. Na ji abin da ya faru, ban kuma ji daɗi ba.

Makulli yana nan inda yake. Ɗakin nan ba a shigarsa da fushi, kuma ba na son a taɓa min ma'auni. Mai hamsin da biyar ta masu ɗinki ce, ba a gidana ba.

Laifin ba na harsashi ba ne. Kin ce babu iska. A inda kike kwance ne babu, a kwarin da ke tsakaninku fa? Kuma na san ki, in dabba ta yi miki kyau fizgar kunamar bindiga kike yi maimakon ki matsa a hankali, tun kina yarinya haka kike. Fizga kaɗan ta kai dalma kan ƙashi, kan ƙashi kuwa dole ta fashe. Ki sauke rabin numfashi, ki matsa kamar kina tatsar tunkiya mai ciwon nono. Harsasan nan ni na auna su.

Gurguwar ba za ta kai Maris ba, sanyi zai ƙarasa miki aikin.

Jiya na taka daga gado zuwa ƙarshen baranda da sanda ɗaya. Ki gaya wa tumaki.

Mahaifinki,
Orval

Daga mai rubutu: Malama, na rubuta yadda aka faɗa min. A iya ganina na wanda bai taɓa riƙe bindiga ba, an tsananta miki. Sau uku ya sa na maimaita masa wurin da kika ce ƙarar ta fi ta kullum. Tafiyar baranda gaskiya ce, sai dai da hannu ɗaya a jikin bango ya yi ta, yana ƙirga ƙofofi. W.P.


Rafin Kettle
6 ga Afrilu, 1981

Baba,

Gaisuwa a gurguje, ka yafe min shirun. Haihuwa ta kankama, tumaki ɗari da sittin sun sauka, hannuwana duk sun tsage.

Gurguwar ta kai Maris, ta kai Afrilu. Ka san abin da ke biyo baya, kai ka gaya min: dilan da ba ya iya kama zomo, ɗan tunkiya yake komawa. Sawunta ba ya ɓuya, uku da jan ɗaya. Da na fitar da masu jego daga rumfa zuwa makiyayar rafi, sai ta bi su. 'Ya'ya goma sha bakwai zuwa yau. Shekaranjiya tagwayen tunkiyar nan mai yankakken kunne ta ɗauka, ɗaya ta tafi da shi, ɗaya ta bar shi da rai cikinsa a buɗe, ni na ƙarasa shi. Uwar tana nan tana zagaya wurin tana kuka. Ina jin Gurguwar ta haihu, don ci ɗaya ba ya kai haka.

Duk wanda na ɗauka sai in ce a raina, Dagny, fizgarki ce ta kashe wannan. Wata biyu ina matsa kunama a bindigar da ba harsashi ina kallon ƙusa a bango, don in gyara hannuna.

Sau biyu na gan ta na harba. Harsashin farko ya faɗi ƙasa da ita da kusan taku guda. Na biyu ban ma ga inda ya tafi ba, kuma makullin bindigar, ƙarfen da ake ja a fitar da kwanso, ya ƙi ɗagawa, sai da na buga shi da dutse. Da kwanson ya fito gindinsa ya baje, ya yi baƙi, lambar da ke jiki ta shafe. Mene ne wannan? Ban taɓa ganin naka ya yi haka ba.

Hollis ya ce zai zo da bindigarsa in ya gama tasa haihuwar. Na ce ya bari, ni na ɓata ni zan gyara. Ruwa ya fara sauka a kan dusar, hanya ta zama kunu, mai kawo wasiƙa ya ce kada mu sa rai da shi sau biyu a mako.

Saura kwana ashirin da biyar ka dawo. Na wanke maka barguna.

Dagny


Miles City
10 ga Afrilu, 1981

Dagny,

Ina gaisuwa, sannu da fama. Datti ne a ɗakin harsashin bindigar. Ki sa tsumma da mai ki goge shi sosai. Ki bar Hollis ya zo, ba abin kunya ba ne. Ki bar masa Gurguwar.

Mahaifinki

Daga mai rubutu: Malama Dagny, wannan ce takarda ta ƙarshe da zan rubuta masa. Da na kai wurin kwanson nan a karatu, sai ya riƙe ƙarfen gado, launin fuskarsa ya canza. Sannan ya faɗi abin da ke sama. Ban san bindiga ba, amma na shekara talatin ina sauraron mutanen da ke cewa tikitinsu ya faɗi a hanya, na san muryar. Akwai maganar da na yi masa alkawarin ba zan faɗa ba tun watan Disamba, kuma ni ba na saɓa alkawari. Na gaya masa alƙalamina ya bushe har sai ya faɗa miki da kansa. Ya kira ni da sunan da ba zan rubuta ba. Naki da girmamawa, Wendell Pruitt.


13 Afrilu

Dagny yata ina gaisuwa

KADA KI HARBA SU. Ki ajiye akwatin nesa.

Ni na rubuta wannan da hannuna ban san ko yana kan layi ba. Tun Yulin bara tsakiyar idona ta tafi duka biyun. In na dube ki kunnuwanki nake gani babu fuska. Manyan abubuwa kawai nake gani ta gefe in na karkata kai. Allurar ma'auni ba na ganinta. Na Oktoba da lalube na ɗura su da kan yatsa. Tarin ciyawa ma ba zamewa na yi ba ƙarshensa ne ban gani ba.

Ba iska ba ce ba fizga ba ce. Hannunki lafiya lau ya fi nawa tun da daɗewa. Makullin da ya ƙi ɗagawa albarushi ne ya yi yawa. Na sani tun Pruitt bai kai aya ba. Tun Fabrairu na sani.

Tsoro na ji. In likita ya sani a nan zan mutu ina kallon bangon da ba na gani. Na ce in na dawo gida zan zubar da su a rafi ba wanda ya ji. Na zaɓi gida na bar ki da su.

Ki faɗa wa likita in kin so. Ki yi yadda kika ga dama da ni. Kada dai ki harba.

Babanki


Rafin Kettle
27 ga Afrilu, 1981

Zuwa ga Mista Wendell Pruitt,

Gaisuwa da girmamawa, da godiyar da ban san yadda zan yi ta ba. Wannan takardar taka ce kai kaɗai. Ka yi haƙuri da rubutun, da ido ɗaya nake yi.

Takardarku ta goma ga wata ta iso, na goge bindigar kamar yadda aka ce. Ƙarin bayaninka na karanta shi a tsaye da ɗan tunkiya a hammata, na ɗauka wani ciwo Baba yake ɓoye min, na ce in haihuwa ta lafa zan zo in ji. Ko kusa ban kawo akwatin a raina ba. Daga nan laka ta hana mai wasiƙa zuwa har kusan mako guda.

Ranar Alhamis goma sha shida da sassafe na kwanta a bayan keken ciyawa. Gurguwar ta fito daga rafi tana jan ƙafa, yadi ɗari da ashirin. Na sauke rabin numfashi, na matsa a hankali yadda Baba ya ce. Abin da na sani kawai wuta ta dawo min a fuska. Gindin kwanson ne ya fashe. Na tuƙa mota zuwa gidan Hollis da tsumma a ido, matarsa ta kai ni wurin likita a gari. Ya ciro ɓarɓashin tagulla shida. Na dama ne, idon da nake aunawa da shi. Ya ce sai an kwance bandeji a ga abin da ya rage, amma bai kalle ni ba da yake faɗa.

A hanyar dawowa muka tsaya a akwatin wasiƙu. Takardar da Baba ya rubuta da hannunsa tana ciki, a ranar aka kawo ta. Layukan sun hau juna, awa guda na yi kafin in haɗa su.

Da na iya tsayuwa na sa guduma na fasa kwaɗon ɗakin. Albarushi a zube a kan tebur da ƙasa, a ɗakin mutumin da ya taɓa hana ni abincin rana saboda ƙwaya uku da na zubar. Na zare dalmar harsasai talatin da ɗaya da suka rage, na auna albarushinsu ɗaya bayan ɗaya. Talatin da takwas ya rubuta. Na samu talatin da uku, na samu arba'in da biyu, huɗu kacal suka yi daidai.

Hollis ya kashe Gurguwar ranar Lahadi da harsashin kanti, ya yaga fatar gida biyu, da ma gashin ya zube. Nononta cike da ruwa. Kafaɗar ta warke a murɗe. 'Ya'yan tumaki ashirin da uku ta ci, kuma ban ga laifinta ba.

Haushin Baba nake ji, Mista Pruitt, irin wanda ban taɓa ji ba. Ba don idon ba ma. Wata uku ya bar ni ina tuhumar hannuna, yana koya min numfashi. Amma a kan teburin nan na ga gilashin ƙara girman rubutu guda biyu ya ɗaure su da zare ɗaya a kan ɗaya, na ga tsagar da ya yi wa katako da wuƙa don yatsa ya gane wurin kowane abu. Shi kaɗai ya zauna a nan wata huɗu yana wannan, ni ina tsallaken tsakar gida ina dafa masa wake. Na zauna a kujerarsa na yi kuka da idon da ya rage.

Zan gaya wa likitansa gaskiya, in sa hannu a duk takardar da ya kawo. Ya yi ta faɗansa.

Kada ka gaya masa zancen idona. Ba zai gani ba ai, ranar da na shirya ni zan faɗa. Ga wasu takardu bakwai nan a haɗe, da jan allin da muke yi wa tumaki shaida na rubuta, layi ɗaya a kowace. Kada ka karanta masa. Ka miƙa masa ɗaya bayan ɗaya, ya karkata kai ya karanta da kansa, ko zai kai shi yamma.

Allah ya saka maka da alheri. Taka,
Dagny Stensrud


BABA INA GAISUWA.

ASABAR ZAN ZO.

KA HAƊA KAYANKA.

NA SAUKO DA GADONKA ƘASA.

NA ƊAURA IGIYA DAGA ƘOFA ZUWA RUMFA.

DA KA FAƊA TUN OKTOBA DA IGIYAR NAN TA ISA.

DAGNY